Ki Haska Kafin Ki Taya

Zangon Agoè, Lomé

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata mota ta sauke ki Sokodé lafiya, kuma direban bai yi irin gudun nan nasu na wanda ya baro tukunya a kan wuta ba. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe. Ki gaida Gwaggonki Ladidi da maigidanta. Na san za ta karanta takardar nan da zarar kin ajiye ta, saboda haka, Ladidi, ke ma sannu da aiki.

Kin san ba na iya zaunar da ke in yi miki dogon jawabi. Ke ce 'yar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci. Da na buɗe baki sai in ji kamar yaro ne ya miƙe zai yi wa uwarsa nasiha. Shi ya sa na koma ga takarda, ita ba ta san kunya ba. Labarin gida ba zan ba ki ba, tunda da safen nan kika baro shi.

Mahaifiyarki ta gaya mini, bayan ta sa na yi alkawarin ba zan nuna na sani ba, cewa kin karɓi aikin ɗaukar hoton wani biki a Sokodé, ɓangaren mata, inda namiji mai kyamara ba ya shiga. Ta ce gilashin gaban kyamararki, wanda kuke kira objektif, ba ya gani sosai a ɗaki mai ƙarancin haske, ɗakin amarya kuwa ba a gina shi don masu hoto ba. Ta ce kin ga wani mai araha a shafin talla na intanet, mai shi ya ce ki tura rabin kuɗi ta waya, shi kuma ya ba direba ya kawo miki. Kuɗin nan su ne duk abin da kika tara daga hotunan suna da na walima. In sun tafi, ba objektif, ba biki, kuma sunanki na farko a garin shi ne “yarinyar nan ta Lomé da ta ba mu kunya”. Mahaifiyarki ta ƙara da cewa in kwantar da hankalina. “Ai ɗan gida ne,” in ji ta. “Da Hausa suke magana, har ƙanwata yake ce mata.” Jin haka ne ya sa na nemi alƙalami.

Kada ki tura ko dala sai kin kai ƙarshen takardar nan. Akwai kuma gwangwanin madara a ƙasan jakarki, wanda aka ce miki yaji ne. Shi ma bar shi tukuna.

Kakanki dillalin goro ne tun a tsohon Zango, kafin a taso mu zuwa nan. Baƙo ya zo da kaya daga nesa, bai san kowa ba, sai ya sauka a gidanmu. Mai saye bai san baƙon ba, amma ya san ƙofar kakanki. In an kwance huhu aka tarar da ruɓa a tsakiya, an san inda za a je a yi sallama. La'adar da ake ba shi, ba ta surutu ba ce, ta ƙofar nan ce da ba ta gudu. Intanet ta zo ta ce ta rage mana la'ada, muka yi ta murna. Ba mu lura ba har da ƙofar ta ɗauke. Ni ɗan dillali ne, na karanta rabin littattafan gwanjon da nake sayarwa a shago kafin masu saye su zo, na kuma zauna gaban malamai suna ta bayani kan hukuncin sayen abin da ido bai gani ba. Duk da haka ga abin da na yi.

Na farko, lokacin kina makarantar firamare, ina ɗan taɓa hoto ranakun Lahadi. Na ga talla. Objektif ne kamar yanzu aka ciro shi daga kwali, an ajiye shi a kan tebur kusa da taga. Ta tagar ana hango bishiyoyi ba ganye ko ɗaya, ƙasa kuma ta yi fari fat da dusar ƙanƙara. Na kalli farin nan da idona, a garin da ko ƙanƙarar firji ba ta kai azahar, ban tambayi kaina komai ba. Mai tallar ya ce na maigidansa ne Bature da zai koma gida, kayan suna can wajen iyaka, mutum uku suna nema, amma muryata ta kwanta masa. In ba da kafin alƙalami kawai, ya riƙe mini. Na tura. Daga ranar, duk lokacin da na kira lambar, wata mata ce mai ladabi take ba ni haƙuri da Faransanci. Mun saba da ita ƙwarai. Har yau ban ji mutumin da ya taɓa ba ni haƙuri da yawa kamarta ba.

To ga abin da na saya da kuɗin nan, na ba ki kyauta. Kuɗi ba sa tafiya sai kaya sun zo hannu. Ba rabi, ba kwata, ba “na mota kawai”. Mutanenmu sun gama magana tun da suka hana cinikin biri a sama. Hoton talla kuma ba shaida ba ne, kowa na iya kwafo shi. Ki ce wa mai kaya ya ajiye cokali kusa da objektif ɗin ya ɗauko miki sabon hoto yanzu. Mai kaya na gaskiya zai yi dariya ya ɗauko, don ba gidan da ba cokali. Wanda ba shi da kayan zai ce yana kan hanya, ko ya yi fushi ya tambaye ki ko ba ki yarda da shi ba ne. Ki ce masa e, ba ki yarda ba tukuna. Ba zagi ba ne. Duk wanda kuma ya ce mutum uku suna jira, ki yi wa mutum ukun addu'a ki bar musu.

Na biyu shi ne ya fi ci mini rai, don a nan ba a sace mini komai ba, ni na miƙa. Na ce na koyi darasi, ba zan ƙara sayen abin da ban gani ba. Na ga wata talla, na kira, muka fara da Faransanci. Ana cikin magana na ce “to, madalla”, sai na ji ya canja murya.

“A'a! Bahaushe ne? Malam, ka bar ni ina ta karya harshe!”

Ya kwatanta mini gidansa a Amoutivé. Na hau zemijan, babur ɗin haya, tun daga Agoè, na isa bayana yana kuka. Dattijo ne mai furfura, da carbi a hannu. Ya shigar da ni wani zaure mai duhu, aka kawo ruwa, aka ɗora shayi.

“Ɗan gidan wa?”

Na faɗa masa.

“Allahu akbar! Mai goro? Ai ni a kan tabarmarsa na koyi lissafi. Ina Alhajin?”

Na ce ya rasu. Ya ɗaga hannu muka yi masa addu'a, ya share ido. Sai da muka zagaye dangi kaf, masu rai da matattu, sannan ya sa aka ɗauko objektif a nannaɗe cikin tsumma. Na karɓa. Wayata mai tocila tana aljihuna. Na san abin da ya kamata in yi. Amma yaya zan dalla fitila a kayan mutumin da ya gama yi wa ubana kuka? Na juya shi sau ɗaya kamar mai duba kankana, na ce, “Ma sha Allah.”

“Taya, ɗana.”

Na taya ƙasa sosai, ina jiran ya ce albarka, mu ja, in sami lokacin dubawa. Sai kawai ya kamo hannuna.

“Don darajar Alhaji, na sallama. Allah ya sa ka ci riba.”

Kin san mu. Mai kaya ya ce ya sallama, an tafa, magana ta mutu. Ɗan dillali ba ya taya kaya a sallama masa sannan ya ce bari ya duba. Na biya, na yi godiya, har na ƙara yi masa godiyar shayi.

A satin aka yi suna a gidan maƙwabcinmu Alhaji Mumuni. Ɗansa na fari namiji, bayan dogon jira. Na ce kada su kira kowa, ni zan ɗauka. A ƙaramin allon kyamara komai lafiya. Da aka wanko hotunan, kowa ya fito kamar ana kallonsa ta cikin tururin tukunyar tuwo. Liman, rago, jariri, duk ɗaya. Hajiya Azumi, kakar yaron, ta ɗaga hoto ɗaya ta juya shi sama da ƙasa a gaban matan gida.

“Malam Idrisu, wannan jikana ne ko ƙosai a leda?”

Na ce hasken ranar ne bai yi kyau ba.

“Ranar da ta gasa mu har rago ya nemi inuwa? To Allah ya ba rana lafiya.”

Matan suka kwashe da dariya. Alhaji Mumuni bai yi dariya ba, wannan ya fi zafi. Suna ba a maimaita shi. Yaron nan yanzu ya yi gemu, ba shi da hoton ranar sunansa sai ƙosai a leda, kuma duk Sallah in ya zo gaishe ni sai na tuna.

Da na koma gida na haska tocila ta bayan gilashin. Funfuna ce ta yi saƙa a ciki kamar gizo-gizo ya yi shekara yana aiki. Iskar tekun garin nan haka take yi wa gilashin da aka jefa a akwati aka manta. Ban ce dattijon nan ya san da ita ba. Mai yiwuwa bai sani ba, mai yiwuwa da gaske ya zauna a tabarmar kakanki, tabarmar tana da faɗi. Abin da na sani, shi ya yi addu'a, ni na biya.

Saboda haka ki ji da kyau, nan ne zuciyar takardar. Hausa ba rasit ba ce. Wanda ya ce miki ƙanwata, ki ce masa yaya, ki gaishe shi da kyau, sannan ki duba kayansa kamar na wanda ba ki taɓa gani ba. In ɗan'uwa ne na gaske, shi zai fara cewa ki duba. Kada ki taya a waya, kada ki taya a rubuce, kada ki taya da kofin shayi a hannu. Farashi shi ne magana ta ƙarshe. In ya matsa, ki ce, “Bari ido ya gama nasa, baki ya fara.” Haka kakanki yake cewa, kuma ba wanda ya taɓa jin haushinsa.

Ga yadda ake dubawa. Da rana, a fili, ba a zaure ba. Ki cire murfin gaba da na baya, ki haska tocilar waya ta gefe ɗaya, ki leƙa ta ɗayan, kina ɗan karkata shi. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane tsohon gilashi yana da ita, kamar furfura. Zare-zare kamar saƙar gizo, ko hazo kamar an huro numfashi a madubi, ki mayar masa ki yi godiya. Ki sansana shi. In yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, funfuna tana hanya ko da ba ta iso ba. Ki juya zobban jikinsa, su tafi sumul, ba ƙarar yashi, ba inda suke cijewa. Ki duba ƙananan fukafukan ƙarfen nan na ciki masu buɗewa da rufewa, su zama a bushe, ba maiƙo. Ki kalli kan kusoshin. In sun sha sukudireba, wani ya riga ki shiga ciki, kuma ba ki san abin da ya baro ba. Sannan ki ɗaura shi a kyamararki, ki ɗauki abu na kusa da na nesa, ki ɗauki rubutun wani allo, ki shiga inuwa ki ɗauki fuskar mutum. Ki buɗe hoton ki faɗaɗa shi har ki ga gashin ido. Ƙaramin allo maƙaryaci ne, shi ya ce mini jikan Hajiya Azumi ya fito.

Wurin haɗuwa ke za ki zaɓa. Shagon mai wanke hoto ya fi, don akwai babban allo, akwai kuma mutumin da ya san kaya. Ba gidan kowa ba, ba ɗakin otal ba, ba “zo bayan tasha” ba. Kada ki je ke kaɗai. Ki tafi da mijin gwaggonki. Bai san komai game da kyamara ba, amma yana da faɗin kafaɗa da fuskar wanda bai karya kumallo ba, aikin dillali rabinsa ke nan. Kuɗi su zauna a wayarki ko a aljihunsa har a gama. Objektif in ya ɓace ana samun wani. Ke ba ni da wata.

Akwai karo ɗaya da na tsira, kada ki ce ubanki bai taɓa yin daidai ba. Wani saurayi muka yi da shi mu haɗu a bakin kasuwar Hédzranawoé. Ya zaro objektif mai tsada daga aljihun wando, tsirara, ba murfi ba jaka, an kankare lambar jikinsa, farashin kuma ko na takalmi bai kai ba. Yana magana yana waige. Na tambaye shi da wace irin kyamara yake aiki da shi. Ya yi tunani ya ce, “Mai batir.” Na ce Allah ya kawo kasuwa. Masu hoto a gari kaɗan ne, kowa ya san kayansa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ki sayi irin wannan, wata rana kina tsakiyar biki wani zai dafa ki ya ce, “Wannan nawa ne.” Ki tambayi mai kaya yaushe ya saya, me ya ɗauka da shi, me ya sa zai rabu da shi. Mai hoto na gaske sai kin roƙe shi ya yi shiru. Gaskiya kuma, ranar kuɗin aljihuna ba su kai ba, ban san iyakar inda hankalina ya tsaya talauci ya karɓa ba.

Araha ta gaske tana nan, ban ce babu ba. Tana hannun mai studiyon da ya canja kyamara, da ɗalibin da ya gane hoto ba sana'arsa ba ce, da tallar da ta daɗe ba wanda ya kula ta saboda hotonta ya yi muni. Ki duba tallace-tallace da yawa na irin abu ɗaya har ki san farashinsa na kullum. Wanda ya sauko kaɗan, araha ce. Wanda ya faɗo ƙasa warwas, ƙugiya ce da tsutsa a baki.

Saura kuskure na ƙarshe, wanda kin san shi, ko da yake ba ki san asalinsa ba. Wannan karon na yi komai daidai. Wata mata ce 'yar ƙabilar Mina, mijinta mai hoto ya rasu, tana sayar da kayansa. Muka haɗu da hantsi a shagon mai wanke hoto. Ba ta san kakanki ba, ba ta ba ni shayi ba, Allah ya saka mata. Na haska, na sansana, na juya. Gilashi garau kamar ruwan randa, irin mai buɗewa sosai, wanda yake gani a ɗaki ko da fitila ɗaya ce. Abu ɗaya na bari. Ban je da kyamarata ba, wai kada a fizge mini a kan zemijan. Na dawo gida ina taƙama, na zo ɗaurawa, baki bai hau baki ba. Na wani kamfani ne daban. Na juya hagu, na juya dama, na yi bismilla, ƙarfe bai ji ba. Mahaifiyarki tana tsaye tana kallo.

“Malam, ko a jiƙa shi ne ya yi laushi?”

Ita ta sa masa suna Baƙo, wai yana zaune a gidan, ba ya ci, ba ya aiki, ba ya tafiya. Ke ma kin sha tambaya me ke cikin gwangwanin da ke saman kabad, ana ce miki maganin Baba ne. Na ƙi sayar da shi, don sayarwa amsa laifi ne. Na rufe shi da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, ina fito da shi yana shan iska lokaci-lokaci kamar mai jinya. Darasin gajere ne: ki je da kyamararki, ki ɗaura da hannunki, ki ji ya ce ƙyas.

Shekaranjiya, da kika tafi kitso kika bar kyamararki a kan gado, na shiga ɗakinki ba izini. Ki yafe mini. Na ɗauko Baƙo na gwada. Ya ce ƙyas. Na ɗauki mahaifiyarki tana tsintar shinkafa a ɗakin girki, inda ko ita ba ta ganin tsakuwa sosai, ta fito har zanen lallen hannunta. Ta kalli hoton ta ce ashe Baƙo ba malalaci ba ne, maigidan ne bai dace da shi ba. Na bar maganar a nan.

Yanzu buɗe gwangwanin. Yajin yana cikin ɗaya jakar.

Amma ban ba ki kyauta ba, sayar miki zan yi, kuma ga sharaɗi. Gobe da hantsi ki fita tsakar gidan gwaggonki ki yi masa duk abin da na lissafa. Ki haska, ki sansana, ki juya, ki shiga ɗaki mafi duhu ki ɗauki Ladidi, ki faɗaɗa har ki ƙirga abin da take ɓoyewa a ƙarƙashin ɗankwali. Idona ba na da ba ne, mai yiwuwa akwai abin da ya wuce ni, kuma bikin mutane ba wurin gwaji ba ne. In kin ga aibi, ki kira ni ki faɗa ba kwana-kwana, akwai sauran lokaci mu nemi wani tare, ta hanyar da ta dace. Na san abin da za ki ce: “Haba Papa, kayanka ne zan tsaya bincike?” E, su. Ki lura da kyau: ni Bahaushe ne, ɗan Zango, na san gidanku, na zauna a tabarmar kakanki fiye da kowa, ina kuma kiranki da suna mai daɗi. Duk alamun da na ce ki yi hattara da su sun taru a kaina. In kika iya dalla tocila a kayan ubanki, ba mai carbin da zai ƙara cin kuɗinki a duniya.

Shi kuma yayan naki na intanet, ki ce masa ya kawo cokali.

Sai kin gama dubawa sannan ki taya. Ina gargaɗinki, ba zan sallama da wuri ba.

Allah ya sa albarka a idonki da hannunki, ya ba ki haske a ɗakin amarya da wajensa. Ya tsare mutuncinki, ya haɗa ki da masu gaskiya, ya kuma ba ki ƙarfin halin duba kayansu duk da haka. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa rufe gwangwanin in kin gama aiki, damina ba ta da amana. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba ita ta faɗa mini ba. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Mahaifinki,
Idrisu